Yadda Ake Warware Rikicin Hanya da Mashiga a Damagaram: Daga Zauren Mai Gari Zuwa Gaban Alƙali

Rikicin hanya yana da lokutansa. A ƙauye yakan tashi da ruwan shuka, ranar da mai gonar bakin hanya ya ƙara kunya biyu ko uku cikin turbar da amalanke ke bi zuwa gonakin baya. A cikin birnin Zinder kuwa ba ya jiran damina. Mutum ya tara bulo, magini ya ja igiya, da safe maƙwabci ya fito ya tarar lungun da kurar ruwa ke shigo masa ya tsuke, mai jarka biyu ma sai ya karkace kafin ya wuce. Wani lokaci gado ne: an raba gida tsakanin magada, wanda ya samu ɗakunan ciki ba shi da ƙofa sai ta zauren ɗan'uwansa, ɗan'uwan kuma ya sayar wa baƙo.

Yawancin waɗannan rigingimu an taɓa sasanta su, har an yi fatiha an watse. Abin da ke sa su dawowa shi ne an daidaita da baki, ba a auna ba, ba a rubuta ba. Saboda haka duk matakan da ke ƙasa wuri ɗaya suka nufa: ka fita da takarda mai awo a hannunka.

Ka fara sanin wace irin hanya ce

Kafin ka kai ƙara ko'ina, ka tantance wannan, domin kowace iri da ƙofar da ake buga mata.

Akwai titi ko lungun da ke cikin taswirar lotisma, wato tsarin yanka filaye na hukuma. Wannan na hukuma ne, ba na mai gidan dama ba, ba na mai gidan hagu ba. Ba a sayar da shi, kuma daɗewar mutum a kai ba ta mayar da shi nasa, ko da ya shekara ashirin da rumfa ko turken dabbobi a wurin. Idan irin wannan aka toshe, ma'aikatar magajin gari za ka nufa, a arondisman da unguwar take cikin biyar ɗin da birnin Zinder ke da su. Ka rubuta takardar koke, ka nemi sashen kula da filaye su fito da taswira su zo da mai awo. Ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa da kwanan wata, in ba haka ba gobe a ce maka takardar ba ta iso ba.

Akwai burtali da hanyar mashaya. Dokar tsarin karkara, wato oda mai lamba 93-015 ta 2 ga Maris 1993, ta sanya su cikin dukiyar jama'a da ke hannun gwamnati ko ƙananan hukumomi. Za mu dawo kansu.

Ta uku ita ce mai wahalar: hanyar da ta ratsa ta cikin filin wani. Ƙasar tasa ce, wucewar taka ce. A takardun shari'a *servitude de passage* ake rubutawa, mu ce haƙƙin wucewa. Mafi yawan bayanin nan a kanta yake.

Tsofaffin unguwanni irin Birni da Zango suna da nasu hali. Lungunansu sun girmi taswira, kuma gidaje da yawa ba su da takarda sai shaidar unguwa. A nan maganar mai unguwa da dattawan da suka tashi suka ga lungun tana da nauyi ƙwarai.

Kada ka taɓa komai, ka tara hujja

Kuskuren da ya fi kashe ƙara shi ne na ranar farko. Mutum ya fusata ya rushe katangar, ko ya tuge shukar, ko ya cire bornin siminti, wato alamar iyaka, ya jefar. Daga nan magana ta juya: mai gaskiya ya zama wanda ake nema a komisariya ko jandarmari kan ɓarna, domin rusa shinge da gusar da alamar iyaka laifi ne a dokar hukunta laifuka. Ka bar abin yadda yake.

A ranar ka ɗauki hoto daga bakin hanyar da kuma daga ƙarshenta, da mita a shimfiɗe a ƙasa yadda lambar za ta fito. Ka auna faɗin da ya rage a wuri uku: mashiga, tsakiya, da inda ya fi tsukewa. Ka ɗauki tsofaffin alamu kafin su ɓace: sawun ƙafar amalanke, jerin gamba ko aguwa da aka dasa kan iyaka, kututturen bishiya, tushen tsohuwar katanga. A ƙasar jigawa ruwa biyu sun isa su shafe sawu, garma ɗaya ta isa ta shafe turba.

Idan da hali, ka kira wisiye, wato jami'in shari'ar da ke zuwa ya ga abu da idonsa ya rubuta. Takardarsa, *procès-verbal de constat*, ta fi hoton salula ƙarfi nesa ba kusa ba. Ka tambayi kuɗin aikinsa tun kafin ya fito, ka karɓi rasit.

Sai takardu. A birni: *acte de cession* (takardar da hukuma ta ba da filin da ita) na parsel, wato filin gida, takardar saye, ko *titre foncier* (takardar mallaka mai rajista) idan akwai, da yankin taswirar da ke nuna lambar ilo (rukunin filaye) da ta parsel. A karkara: takardar shaidar mallaka ta gargajiya, ko ta saye, kyauta, aro ko jingina da kofo, wato hukumar filaye, ta bayar. Idan filin daga gado ya fito, ka nemo takardar rabon gadon da sunayen waɗanda suka halarta. Kwafi kake bayarwa ko'ina, asalin yana gida.

Shaidu kuwa, ka zaɓi waɗanda ba su da riba a ciki: maƙwabtan iyaka, mai amalanken da ya daɗe yana kai taki ta nan, ɗan garuwa, tsohon da ya ga rabon. Shaidu uku na waje sun fi ƴan'uwanka goma.

Ka je wa maƙwabcin da tayi a hannu

Ka tafi da mutum biyu da yake jin nauyinsu, limamin unguwa ko wani dattijo, a lokacin da ba jama'a a ƙofar gidansa. Mutum da yawa sun san ba su da gaskiya, janyewa a gaban mutane ce ba sa so. Kada ka buɗe da “ka ci mini hanya”. Ka ce, “Malam, ga inda amalanke ke bi tun zamanin iyayenmu, yaya za mu yi kowa ya samu?”

Kuma ka zo da abin da za ka bayar. Ana iya gusar da hanyar daga tsakiyar gonarsa zuwa gefen iyaka, inda ba za ta raba masa shuka biyu ba. Ana iya musayar ƙasa, ya ba ka tsiri a nan ka ba shi kwatankwacinsa a can. Ana iya biyan diyya sau ɗaya. Lissafin ba wuya: hanya mai faɗin mita 3 da tsawon mita 80 ta ci murabba'in mita 240, sai a kimanta da farashin ƙasa a wurin. Ana iya raba nauyin, kowane maƙwabci ya saki mita ɗaya da rabi daga gefensa.

Game da faɗi, malamai sukan kawo hadisin da ya ce idan aka yi saɓani kan hanya a sanya faɗinta kamu bakwai, wato wajen mita uku da rabi. Wannan awo yana da amfani har yau, domin amalanken shanu ɗauke da damman hatsi ko kara ya fi jikinsa faɗi, kuma yana buƙatar wurin juyawa a kwana. A cikin gari, mafi ƙarancin abin da za a yarda da shi shi ne lungun da mutane ɗauke da makara za su fita ba tare da sun karkata ta ba. Duk sulhun da ya gaza wannan, a ganinmu, bai kamata dattijo ya sa masa hannu ba.

Zauren mai gari, sannan fadar sarki

Idan ba a daidaita ba, sai mai unguwa ko mai gari. Idan ya gagara a nan, sai sarkin kanto, a birni kuma har fadar Sultan na Damagaram. Wannan ba al'ada kaɗai ba ce. Dokar 1993 ta wajabta a gwada sulhu gaban sarakunan gargajiya kafin a kai rikicin filin karkara kotu, kuma doka mai lamba 2015-01 ta 13 ga Janairu 2015 kan matsayin sarauta ta tabbatar musu da ikon sasantawa. A lura da kalmar: sasantawa. Sarki ba ya yanke hukuncin da zai tilasta wa wanda bai yarda ba. Idan an daidaita, a rubuta takardar sulhu. Idan ba a daidaita ba, a rubuta takardar rashin sulhu, kuma ita ce mabuɗin kotu. Wanda ya tsallake wannan mataki a rikicin gona yakan tarar an maido shi baya, ya yi asarar wata da watanni.

Ka roƙi a je wurin da ƙafa. Sulhun da aka yi a zaure ba a ga hanyar ba, kowa da hanyar da ke cikin kansa yake amsa “na yarda”.

Yanzu ga abin da takardar sulhu za ta ƙunsa, kuma a nan ne ya kamata a daɗe. Cikakken sunan kowane ɓangare da na mahaifinsa, da matsayinsa a filin: mai shi ne, ko magaji, ko mai aro. Wannan na da muhimmanci, domin sa hannun mai aron gona ba ya ɗaure mai gonar, kuma sa hannun magaji ɗaya a filin da ba a raba ba ba ya ɗaure sauran. A kira su duka, har mata, tunda suna da kaso. Sannan inda hanyar ta fara da inda ta ƙare, da ta wane gefe take bi, gabas ko yamma. Faɗi da tsawo da mita, a rubuta da lamba a kuma rubuta da kalmomi. Kada a yarda da “hanyar da ta isa” ko “kamar yadda aka saba”, waɗannan kalmomi su ne irin rikicin baɗi.

A faɗi abin da zai bi ta kai: ƙafa kaɗai, ko da babur, amalanke, mota, garken dabbobi. A faɗi ko duk shekara ce ko da rani kawai. Idan za a ratsa da bututun ruwa ko wayar lantarki, a sa shi tun yanzu, domin izinin wucewa da ƙafa bai haɗa da haƙa rami ba. A faɗi wanda zai gyara idan ruwa ya ci hanyar (a ƙa'ida mai amfani da ita ne), da ko mai filin na iya sa ƙyaure, da wanda zai riƙe makulli. Idan da diyya, nawa ce, an biya ko yaushe za a biya. Jimla mafi tsada a takardar ita ce wadda ke cewa haƙƙin yana bin filin ne, ba mutum ba: ya hau kan magada da duk wanda ya saya daga baya. In babu ita, ranar da maƙwabcin ya sayar sabon mai shi zai ce alheri ne aka yi maka, shi kuma bai yi alkawari ba.

Da Faransanci ake rubuta takardar, saboda haka a sa wanda ka amince da shi ya karanta maka ita da Hausa, layi bayan layi, kafin ka sa hannu ko ka dangwala yatsa. A haɗa da zane ko da na hannu ne. Kowa ya karɓi kwafinsa, a shigar da ita rajistar sarki.

Mataki ɗaya ya rage wanda mutane da yawa ba sa yi. Ɗaya daga cikin masu sulhun na iya kai takardar kotun da ke da hurumi a buga mata hatimin zartarwa, *formule exécutoire*. Da wannan hatimi, idan ɗayan ya saɓa, ba sabuwar shari'a za a buɗe ba, wisiye ne zai zartar.

Aikin kofo

Hukumomin filaye, da aka fi sani da kofo, hawa-hawa ne: Kofob a ƙauye ƙarƙashin mai gari, Kofokom a komin, Kofodep a matakin departama kamar Mirriya, Magarya, Tanut ko Gure, ƙarƙashin perefe. Kofo ba kotu ba ce, ba ta cewa wane ya ci wane ya faɗi. Amfaninta shi ne ta auna, ta duba rajistarta ta faɗi abin da ke rubuce game da filin, ta kuma rubuta yarjejeniyarku cikin kundin filayen karkara. Ka nemi sakataren Kofokom ya halarci ranar awo, ya ɗauki lambobin GPS na kusurwoyin hanyar. A dasa alamu a ranar, gaban kowa: bornin siminti a kowace kusurwa da kowace kwana, a tsakaninsu kuma gamba ko aguwa. Turken itace gara take ci, dutse kuma yaro ma na iya mirgina shi.

Idan sai an je kotu

A hedikwatar departama akwai ƙaramar kotu, *tribunal d'instance*, a birnin Zinder akwai babbar kotu da kotun ɗaukaka ƙara. Ka je ofishin girefiye, wato magatakardan kotu, da takardar rashin sulhu da sauran hujjojinka, a nan za a nuna maka inda ƙarar za ta shiga da abin da za ka biya. Wanda ba shi da ƙarfin ɗaukar lauya ya tambayi ofishin ANAJJ, hukumar taimakon shari'a da aka kafa da dokar 2011, wadda ke da rassa a manyan kotuna.

Abu na farko da alƙali zai duba shi ne wace doka ce ke hawa kan filin. Idan filin gargajiya ne marar rajista, al'adar masu shari'ar ake bi, alƙali ya zauna da masu ba shi shawara kan al'ada, shaidu su yi nauyi, wani lokaci har a kai ga rantsuwa da Alƙur'ani. Idan filin na da *titre foncier* ko an mallake shi ta rubutacciyar hanyar da doka ta tsara, kundin dokar farar hula ake buɗewa.

A wannan kundi, sashe na 682 zuwa 685 su ne na filin da aka kewaye. Wanda filinsa ba shi da mafita zuwa hanyar jama'a yana da haƙƙin neman hanya ta filin maƙwabci, amma da biyan diyya gwargwadon ɓarnar. Ana bin mafi gajeren wuri, tare da duba inda cutarwar ta fi sauƙi ga mai filin. Idan kuwa rabon gado ko sayar da wani yanki ne ya jawo kewayewar, ta cikin filayen da aka raba za a fitar da hanyar, ba ta gonar maƙwabcin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Magada da yawa a nan suke faɗuwa.

Wurin faɗuwa na biyu shi ne dogara da daɗewa. “Shekara arba'in muna bi ta nan” hujja ce mai ƙarfi a shari'ar al'ada. A rubutacciyar doka kuwa, sashe na 691 ya ce irin wannan haƙƙi da takarda ake kafa shi. Idan kana da wata mafitar, ko da ta fi nisa, daɗewar wucewarka kaɗai ba ta ba ka haƙƙi. Shekara 30 na amfani suna tabbatar da wurin da hanyar take ne ga wanda filinsa ke kewaye da gaske. Haka kuma haƙƙin da aka bar amfani da shi shekara 30 yana faɗuwa.

Idan abin na gaggawa ne, an toshe ƙofar gida ɗungurungum, ko gini na tashi, ko shuka za ta wuce ka, ka nemi shari'ar gaggawa, *référé*, gaban shugaban kotu. Yana iya ba da umarnin dakatar da gini ko buɗe hanya na wucin gadi kafin a shiga asalin maganar. A yi wannan tun ginin yana tushe. Da zarar an kai linta an rufa, rushewa takan yi wa kowa nauyi, maganar sai ta karkata zuwa diyya.

Cikin ƙararka ka faɗi abin da kake so dalla-dalla: faɗi kaza, ta gefe kaza, a cire abin da aka gina, da tarar kowace rana idan aka ƙi bin hukunci. Alƙali ba ya ba da abin da ba a roƙa ba. Ka nemi kotu ta fito ta ga wurin ko ta naɗa mai awo. Galibi wanda ya nema shi ke fara biyan kuɗin fitar. Ranar da aka yanke hukunci ka tambayi girefiye wa'adin ɗaukaka ƙara, ka rubuta ranar ƙarshe, domin wa'adin ba ya jiran mai jinya ko mai tafiya. Idan ka ci, ka karɓi kwafin hukunci mai hatimin zartarwa ka kai wa wisiye. Ko a lokacin ba kai za ka ɗauki diga ba.

Wata ƴar magana da ke yawan rakiyar rikicin lungu ita ce ta indararo. Doka ta ce ruwan rufinka ya zuba a filinka ko a hanyar jama'a, ba cikin gidan maƙwabci ba. Amma ruwan sama da ke gangarowa da kansa daga tudu, na ƙasa ba shi da ikon datse shi ya mayar wa na sama. A unguwannin da ke gindin duwatsu wannan kan rusa katangar ƙasa a watan Agusta, saboda haka idan ana rubuta sulhun lungu a sa mafitar ruwa a ciki.

Burtali

Burtali ba a sulhunta shi da rage faɗi. Mai gari da manomi da makiyayi ba su da ikon yarjejeniyar cinye rabinsa, domin ba nasu ba ne. Oda mai lamba 2010-029 ta 20 ga Mayu 2010 kan kiwo ta amince da zirga-zirgar dabbobi a matsayin haƙƙin makiyaya, ta kuma hana toshe hanyoyinsu. Wanda ya ga an shuka cikin burtali ya sanar da mai gari da Kofokom tun shukar tana ƙarama, kafin dabbobi su taso. Kofo ta fito da rajista, a bi alamun da aka dasa, a maido da iyakar inda take.

Idan dabbobi sun riga sun yi ɓarna, wannan magana ce daban. Akwai kwamitin sulhu mai wakilan manoma da na makiyaya daidai wa daida, shi ke duba ɓarnar ya kimanta. A kira shi a ranar, kafin sawu ya bushe, kuma a duba abu biyu: ko gonar tana cikin burtalin, da ko abin ya faru kafin ko bayan ranar sakin gonaki da hukumar jiha ke sanarwa kowace shekara bayan girbi. Manomin da ya shuka cikin burtali ba shi da bakin neman diyyar abin da aka ci a wurin, makiyayin da ya bar burtali ya faɗa gona kafin ranar saki kuma zai biya. Kada manomi ya bugi dabba ko ya tsare ta a gidansa. A kai ta wurin tsare dabbobi na komin, a karɓi takarda mai nuna adadinsu da ranar da aka kawo su.